YADDA SIYASAR ƁANGARANCI KE HAIFAR DA YAƘIN BASASA
Lacca a Minna

A wata lacca da aka gabatar a Minna, wani malamin tarihi ya ja hankalin jama'a zuwa Zungeru, wato tsohuwar hedkwatar Gwamna Lugga. Ya ce a nan aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe cikin 1904, a nan kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu cikin 1933. Ashe mutumin da ya ja Jihar Gabas ta ɓalle, cibiyarsa a ƙasar Neja take binne.

Malamin ya fara da Amurka. Ya ce a 1860 akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar, galibinsu a gonakin audugar Kudu. Duk lokacin da za a shigar da sabuwar jiha cikin tarayya, sai gardama ta tashi: da bauta za ta shigo ko babu? An yi sulhu a kan Missouri cikin 1820, aka rushe shi cikin 1854. Daga nan jam'iyyu suka daina zama na ƙasa, suka koma na ɓangare. Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 ba tare da ya sami jiha ko ɗaya ta can ƙuryar Kudu ba. Ran 20 ga Disamba, Carolina ta Kudu ta ɓalle, jihohi 10 suka bi ta, aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka halaka.

Ya gargaɗi masu sauraro kada su ɗauka abu ɗaya ne da namu. Ba bauta ce ta jawo yaƙin Nijeriya ba, tsoron danniya ne. Amma, in ji shi, bautar ta bar tabo, kuma mutanen wannan yanki sun fi kowa sani. Harin da Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim suka riƙa kaiwa daga Kwantagora ya watsa ƙauyukan Gwari da na Kambari, har Turawa suka ci garin cikin 1901. Dokar Lugga ta wannan shekara 'ya'yan da za a haifa kawai ta 'yanta. Sai 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Shekara 21 kacal bayan haka, Hukumar Willink ta zaga ƙasa tana sauraron kukan ƙananan ƙabilu, da yawansu kuwa jikokin waɗanda aka kai wa harin ne. Hukumar ba ta yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba. A ganin malamin, wannan babban kuskure ne.

Inda muka yi kama da Amurka, in ji shi, shi ne wajen jam'iyyu. NPC ta riƙe Arewa, NCNC ta riƙe Gabas, Action Group ta riƙe Yamma, kowace tana ganin nasarar 'yar'uwarta mutuwarta ce. Ya kuma tuna wa jama'a abin da ba a cika son faɗa ba, cewa Arewa ma ta taɓa neman rabuwa. Cikin 1953, bayan an yi wa wakilanta ihu a Ikko kan batun mulkin kai, majalisun Kaduna suka zartar da sharuɗɗa 8 waɗanda kaɗan ya rage su zama a-ware. Rigimar ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen 1964, suka ƙara hura wutar.

Ran 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Cif Akintola, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Cikin Mayu Janar Ironsi ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta soke tarayya, sai kalmar "araba" ta cika titunan Arewa. Ran 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa. A watannin Satumba da Oktoba aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, sauran suka cika jiragen ƙasa suka gudu gida. Malamin ya ce wannan zalunci ne, kuma ba shi da wani suna sai wannan.

Taron Aburi na Janairun 1967 bai haifar da kome ba, don kowa fassararsa daban. Ran 27 ga Mayu Laftana-Kanar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, ya ba ƙananan ƙabilun Gabas jihohi biyu, inda bakin teku da yawancin man fetur suke. Bayan kwana uku Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Aka fara yaƙi ran 6 ga Yuli, ba a ƙare ba sai ran 15 ga Janairu 1970, bayan yunwa ta ci yara ba adadi.

Da wani ya tambaya ko da an raba jihohi tun da wuri za a kauce wa yaƙin, sai malamin ya ce aƙalla da babu wani Gwamna mai ƙarfin da zai iya ja da tarayya. Ya ce ita kanta Jihar Neja sai 1976 Janar Murtala Muhammed ya cire ta daga Jihar Arewa Maso Yamma, shekara 18 bayan rahoton Willink.