Tarihin Teku a Cikin Laka



Shekara 21,000 da suka wuce, ruwan teku yana ƙasa da inda yake yau da kimanin mita 120. Ruwan daskarewa ya yi, ya taru ya zama tulin ƙanƙara a kan Kanada da arewacin Turai, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. A lokacin, da ƙafa mutum zai taka daga Faransa zuwa Ingila, kuma tsibirin Biyoko da ke gaban Kamaru haɗe yake da gaɓa. Wannan ya faru ne gab da ƙarshen zamanin da masana ilimin ƙasa ke kira Filestosin, wanda ya faro shekara miliyan 2.58 baya, ya ƙare shekara 11,700 da suka wuce, ƙanƙara tana mamayewa tana janyewa sau da dama a cikinsa. Duk mai hankali zai tambaye ni: wa ya auna, alhali babu mai rubutu a lokacin? Kaso mai yawa na amsar yana cikin baƙar lakar fadamun bakin teku, wadda jama'a ke toshe hanci idan sun gifta ta.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan mai haƙar rijiya ya ga yadda ƙasa ke fitowa hawa-hawa, rairayi, yumɓu, marmara, kuma ya san ta ƙasa ta girmi ta sama. Aikinmu ke nan, sai dai mu bututun ƙarfe muke kafawa, mu zaro laka doguwa kamar yadda ta kwanta, ba tare da ta cakuɗe ba. Fadamar bakin teku ta fi ko'ina dacewa da wannan, domin ruwanta a natse yake, kuma iska ba ta shiga lakar, saboda haka ganye da saiwa da ƙurar fure sukan yi dubban shekaru ba su ruɓe ba.

Babbar fa'idar ita ce wannan. Teku na cikowa ya janye kowace rana, kuma bishiyar mangurob, mai saiwoyi tsaye a waje, ba ta rayuwa sai a tsakanin inda ruwan ke tsayawa idan ya ciko da inda yake komawa. Ta yi sama, bishiyoyin ruwan daɗi su kore ta. Ta yi ƙasa, ta nutse. To idan ka samu saiwarta a mita 30 ƙarƙashin ƙasa, a inda ta tsiro, ka samu shaidar cewa bakin teku ya taɓa tsayawa nan. A 1978, David Scott da Franco Medioli na Kanada suka nuna akwai ma'aunin da ya fi wannan kaifi: wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ake kira foraminifera, waɗanda kowane irinsu ke da matakin da yake zama a fadamar gishiri, har wani lokaci a gane tsayin ruwa da kuskuren 'yan santimita. Ƙurar fure kuma, wadda Lennart von Post na Suwidin ya fara karanta tarihin daji da ita a 1916, tana gaya mana ko kurmi ne ke kewaye da wurin ko ciyawa. Shekaru kuwa, sinadarin kabon-14 ke bayarwa, hanyar da Willard Libby ya fito da ita a Jami'ar Chicago: rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730.

A Nijeriya, wadda ta share wannan fage ita ce Farfesa Margaret Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan. A 1981 ta wallafa nazarin ƙurar furen da ke cikin lakar da aka zaro daga yankin Neja Delta, inda ake ganin mangurob da kurmin ruwan daɗi da ciyawa suna karɓa-karɓa gwargwadon yadda teku da damina suka sauya. Can sama-sama a lakar, wajen shekara 2,800 baya, ƙurar furen kwakwar manja ta ƙaru sosai, ta kuma fassara hakan da cewa manoma ne suka fara sare kurmi. Wasu masana sun ce bushewar yanayi ce ta buɗe dajin. Ni a ganina muhawarar kanta riba ce, domin kowa na jayayya ne a kan shaidar da za a iya sawa a madubin ƙara girma a ƙirga.

Amma aikin yana da tarko, kuma ina so ɗalibai su saurara da kyau. Laka tana matsewa idan nauyi ya hau ta, sai abin da ya kwanta a wani mataki ya koma ƙasa da shi. Ita kanta ƙasar ba a tsaye take ba: Neja Delta na lotsawa saboda nauyin abin da kogi ke jibgewa, yayin da gaɓar arewacin Suwidin har yau tana ɗagowa da kusan milimita 9 a shekara, tun da ƙanƙara ta sauka daga kanta. Wanda bai cire wannan daga lissafinsa ba, motsin ƙasa zai auna ya ce na teku ne. Kabon-14 ma ba ya wuce shekara 50,000. Shi ya sa tsayin tekun shekara 125,000 baya, lokacin da ya fi na yau da mita 5 zuwa 10, sai an haɗa da murjani da wasu hanyoyin awo.

Tarko na ƙarshe shi ne fadamun zamanin ƙanƙara yanzu suna ƙarƙashin teku, sai da jirgin ruwa ake kai musu. Haka Till Hanebuth da abokan aikinsa na Jami'ar Kiel ta Jamus suka yi a tekun da ke tsakanin Biyetnam da Boniyo. Sakamakon da suka fitar a 2000, daga ragowar mangurob da ruwa ya binne, ya nuna cewa wajen shekara 14,600 baya teku ya hau mita 16 cikin shekara 300 kacal. Ku raba: fiye da mita 5 a kowane ƙarni.

Mu mutanen tudu ba a bar mu a baya a wannan labari ba. Sa'ad da teku ya janye, damina ta yi rauni, Tafkin Chadi ya ƙafe, iska ta tara tuddan rairayi har cikin ƙasar Hausa. A. T. Grove ya bayyana su a 1958, kuma tsofaffin jigayin da ake noman gero da gyaɗa a kansu a gabashin Kano ragowarsu ne.

Lakar tana kuma yi mana gargaɗi a kan yau: a 2020, Neil Saintilan da abokansa suka tattara bayanan laka daga wurare 78 na duniya, suka gano cewa da wuya mangurob ya iya bin teku idan hawansa ya wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara. Tsakanin 2006 da 2018, matsakaicin hawan tekun duniya milimita 3.7 ne, kuma a inda ƙasa ke lotsawa sai an ƙara lotsawar a kai. Nijeriya ce ke da dajin mangurob mafi girma a Afirka, amma awon tsohon teku a gaɓarmu bai kai ko kusa da na Turai da Amurka ba. Kullum ana huda ƙasa a Legas da Fatakwal da Kalaba kafin a gina gada ko tashar jirgin ruwa, injiniya ya duba ƙarfin lakar, aikinsa ya ƙare. Roƙona ga hukumomi shi ne a wajabta miƙa wani kaso na wannan laka ga jami'o'i, da lambar wuri da zurfi, a adana ta a ɗakin sanyi, a kuma horar da ɗaliban da za su zauna gaban madubi su karanta ta.