Ruwan da ya yi garau ba shi ne mai tsabta ba

 

Yau kan ruwan ƙarƙashin ƙasa za mu yi magana, kuma daga Arlit zan faro. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a can. Ga abin da ya kamata mu gane: uraniyom da ke kwance cikin dutse, inda iska ba ta kaiwa, ba ya narkewa sosai. Da zarar an fasa dutsen iska ta shiga, sai ya canza, ruwa ya iya ɗaukarsa ya yi tafiya da shi. A izin kuma da asid ake jiƙa dutsen don a tatso ƙarfen, dusar da ta rage a tara ta a fili. Lokacin da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tulin da ya kai kusan tan miliyan 20. Ruwan da ke ƙarƙashin wannan hamada kuwa tsohon ruwa ne, na dubban shekaru. Damina ba ta sake cika shi, balle ta wanke shi.

A ƙarshen 2009 Greenpeace ta ɗebi ruwa a wurare biyar a yankin, CRIIRAD ta auna shi. Huɗu sun zarce iyakar uraniyom da OMS ta sa a lokacin. Wani zai ce ai ƙasar ce da ma haka take. E, akwai gaskiya a ciki. To amma wanda ya haƙa shi ya kamata ya kawo awo na kafin haƙa da na bayanta, mu kwatanta.

Kar ku ce Arlit nesa ce. Ga Tibiri nan, kusa da Maraɗi. Can babu izin ko ɗaya, foraj ne aka yi a 1985, ruwansa cike da fuliyo, ya ninka miligiram 1,5 a lita da OMS ta yarda da shi. Shekaru yara suna sha, haƙora suka yi ja, ƙafafu suka lanƙwashe. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Wallahi ni wannan ne ke ba ni tsoro. Kuma iyayenmu mata su sani, tafasa ruwa ƙwayoyin cuta take kashewa. Uraniyom da fuliyo suna nan, har ƙara yawa suke in ruwan ya ƙafe.

Yanzu a garuruwanmu kowa na haƙa foraj, wani dab da majema, wani bayan gidan mai ko masai. Damagaram ma akwai matatar mai tun 2011. Abin da muke nema ba shi da wuya: a riƙa auna ruwan kowane foraj na jama'a a labo, a liƙa sakamakon a meri da jikin pompon, da Hausa da Faransanci. Kowa ya koma unguwarsu ya tambayi mai foraj yaushe aka auna ruwansa, ya ce a nuna mishi takarda. Abin da kuka samo, ku aiko mana a wannan shafin.