Jawabi A Kan Haƙƙin Jakai Da Alfadarai Na Tsibirin Santorini

Ya ku malamai da almajirai, ku saurara.

Ku sani a ƙasar Girka akwai tsibiri ana ce da shi Santorini. Babban garinsa, Fira, yana bisa ƙwanƙolin dutse, tsohuwar tashar jiragen ruwa kuwa tana can ƙasa. Tsakaninsu matakala ce fiye da 500. Baƙi masu yawon kallo sukan biya kuɗi su hau jakai da alfadarai har bisa, cikin zafin rana, dabba ta hau ta sauko sau da yawa a wuni guda. Masu lura da dabbobi sun ga miki a bayansu saboda sirdin da bai dace ba, sun ga ana tsai da su a rana, ba inuwa, ruwa kaɗan.

A shekarar 2018 hukumar Girka ta kafa doka, kada a aza wa dabba abin da ya wuce kilo 100, ko kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinta. To, ku yi lissafi. Jaki mai kilo 200, iyakar kayansa kilo 40 ke nan, nauyin yaro. Ina ga ƙato ƙosasshe?

Mutane sukan ce haƙurin kaya sai jaki, nan kuwa aka yaudaru. Likitocin dabbobi sun tabbatar jaki yana ɓoye ciwo, ba ya nuna wahala sai ta yi tsanani. Shirunsa ba shaidar lafiya ba ne.

Wani zai ce, masu dabbobin nan talakawa ne, da wannan sana'a suke ci da iyali. Gaskiya ne, ba mu ce a raba su da abincinsu ba. Amma wanda ya gurgunta jakinsa ya karya jarinsa da hannunsa.

Saboda haka haƙƙi ya hau kan mutum uku. Mai dabba ya gyara sirdi, ya shayar, ya hutar da mai miki har ya warke. Hukuma ta sa masu dubawa a bakin matakala, gama doka a takarda ba ta rage kaya a bayan jaki. Baƙo kuwa ba shi da uzuri, zama tun 1982 akwai keken igiya mai kai mutane bisa. In ƙafarsa lafiya, ya taka.

Ku almajirai, ku riƙe wannan: dabbar da ba ta da bakin kai ƙara, amanarta ta fi nauyi a wuyan mai ita. Wassalam.