Jawabin Kwamitin Jin Ra'ayi Kan Sababbin Abubuwan Da Aka Kunna Mana A Zauren Ƙungiya

 



Kamar dai yadda kowa ya sani, a zaman da ya gabata ne aka ɗora mana nauyi mu 'yan kasuwa biyar, cewa mu zagaya mu ji bakin jama'a game da ƙorafe-ƙorafen da suka yi yawa a kan zauren ƙungiya na WhatsApp, tun daga lokacin da yaranmu masu kula da shi, wato admin, suka fara kunna wasu sababbin abubuwa a ciki. To alhamdu lillahi mun zagaya, rumfa-rumfa, tasha-tasha, har majalisar masu shayi ba mu bari ba. Iyayenmu mata da ke cikin gida kuwa, malamar Islamiyyarsu ce ta tattaro mana ra'ayinsu, Allah Ya saka mata. Sai dai a yi mana uzuri, mu ba 'yan boko ba ne, allo da Islamiyya muka yi, sai kuma kasuwa. Kowane abu sai da muka sa yaro ya buɗe waya ya nuna mana da idonmu kafin muka yarda muka rubuta.

Kafin mu shiga ƙorafi, wajibi ne mu gode wa waɗannan yara. Babu mai biyansu ko sisi, datarsu suke ƙonawa, kuma kowa ya san yadda kuɗin data ya tashi tun da hukuma ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Saboda haka abin da za mu faɗa gyara ne, ba tozarci ba.

Abin da ya fi tayar da hankalin jama'a, wanda kusan duk rumfar da muka shiga da shi ake fara tarbar mu, shi ne saƙo mai ɓacewa da kansa. Masu wannan manhaja sun fito da shi a ƙarshen 2020 a kan kwana 7, daga baya a 2021 suka ƙara na awa 24 da na kwana 90. Yaranmu suka kunna na kwana 7 da kyakkyawar niyya, domin dattawa da dama suna kukan wayarsu ta cika da hotuna da bidiyo har ba ta motsi. Amma ba su yi sanarwa ba. Ɗan rubutun da waya ke nunawa idan an kunna shi kuwa, mafi yawanmu ba mu lura da shi ba, wanda ma ya lura bai iya karanta shi ba.

To ga abin da ya biyo baya. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da wake a Bodija ya ba wani bashin kaya, shi kuma mai karɓa ya shigo zaure ya yi magana da muryarsa, ya faɗi yawan buhu, ya faɗi kuɗi, ya faɗi ranar biya, mutane da dama suka saurara. Mai kaya ya sakankance yana da shaida a aljihunsa, bai rubuta komai ba. Da ranar biya ta zo aka sami saɓani a kan adadi, wannan ya ce kaza, wancan ya ce a'a kaza ne. Aka ce a buɗe waya. Aka duba sama aka duba ƙasa, babu saƙo babu alamarsa. Waɗanda suka saurara kuma kowa da abin da ya riƙe, kun dai san yadda kai yake idan ciniki ya yi yawa. Maganar sai da ta kai ƙofar Sarki, aka yi sulhu, mai kaya ya haƙura da wani abu daga cikin haƙƙinsa don zumunci. Har yau gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba, alhali gidajensu a gari ɗaya suke a Arewa.

Yaran sun nuna mana cewa tun 2023 akwai hanyar da za ka danna ka adana saƙo don kada ya ɓace. Muka ce madalla. Da muka bincika sai muka tarar wanda ya turo saƙon ana sanar da shi an adana, kuma yana da ikon ya cire wannan adanawa. Wato ke nan wanda ake bi bashi shi ke riƙe da mabuɗin shaidar da za a kafa a kansa. Wannan kam ba za ta yi mana ba. Ra'ayin jama'a a nan ɗaya ne: a kashe shi a zauren kasuwanci, kuma a rufe saitin yadda ba kowa zai iya taɓa shi ba, domin mun fahimci idan ba a rufe ba, kowane ɗan zaure yana iya kunnawa.

Amma a nan bari mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu manya. Laifin ba na waya ba ne, ba kuma duka na yara ba ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, duk mun karanta ta a gaban malam. Iyayenmu da suka kafa wannan unguwa ta Sabo tun 1916 da littafi da shaidu suka yi fataucin goro da shanu, wasu da ajami suke rubutawa, fatoma ya tsaya a tsakani. Mu ne muka ajiye littafi muka dogara da abin da ko faɗawa kwata ya yi shi ke nan.

Kusa da wannan akwai gyaran saƙo, wanda ya zo a watan Mayun 2023. Mutum yana da minti 15 ya canja abin da ya rubuta. Waya takan sa 'yar alama a gefe cewa an gyara, amma ba ta nuna abin da aka rubuta da farko. 'Yan albasa sun yi kuka da wannan ƙwarai. Dillali ya rubuta farashi da asuba, ka gani ka buga waya Arewa ka ce a yi lodi, ka dawo ka tarar lamba ta canja. Wataƙila kuskure ya gyara, wataƙila kuma ba kuskure ba ne, Allah ne masani. Wannan ba abu ne da admin zai iya kashewa ba, don haka shawarar da 'yan albasa suka kawo ita ce duk farashi a faɗe shi da murya. Murya ba ta gyaruwa, sai dai a goge ta, idan an goge kuma kowa zai ga gurbinta.

Sai maganar ƙuri'a. Wannan ta shigo a watan Nuwamban 2022, lokacin da aka faɗaɗa zaure ya iya ɗaukar mutum 1,024. Yaranmu suka yi amfani da ita a kan batun ƙarin kuɗin wata-wata, suka kawo sakamako suka ce jama'a ta amince. Wace jama'a? Mun tarar da dattawa masu biyan kaso mafi tsoka ba su ma san an yi ba, domin tambayar a rubuce take da boko, su kuwa saƙon murya kawai suke buɗewa. Mata da yawa wayar maigida ce a zaure, ba tasu ba. Sannan abin da ya fi damun mu, ƙuri'ar ba ta sirri ba ce, kowa yana iya dannawa ya ga wane ya zaɓi me. Wani yaron shago ya gaya mana a asirce, ya ce, "Baba, ni ban yarda da ƙarin nan ba, amma na ga maigidana ya danna e, ta yaya zan danna a'a sunana ya fito a ƙarƙashin nasa?" Kun ji fa. Wanda yake ci a gidan mutum, yake kwana a shagonsa, ba zai saɓa masa a bainar jama'a ba. Don haka muna ganin ƙuri'ar waya ta tsaya a kan ƙananan abubuwa, kamar ranar zama ko ranar aikin gayya na share kwata. Maganar kuɗi da maganar shugabanci a dawo da su kan tabarma.

Yanzu ga inda mu kanmu 'yan kwamiti muka rabu biyu, har muka kwana ba mu daidaita ba. Shi ne kulle zaure, yadda admin kaɗai ke iya magana, da kuma ikon da aka ba admin a 2022 na goge saƙon kowa. 'Yan kasuwa da yawa sun fusata. Wani direban tirela ya ce motarsa ta lalace da dare bayan Ogbomosho da tumatir a ciki, ya ɗauko waya zai nemi taimako ya tarar zaure a kulle, wai saboda wasu sun yi musun siyasa da yamma. Kowa ya san tumatir ba ya jiran gari ya waye. Wasu dattawa kuma suka ce ina aka taɓa ganin ɗan cikinka ya goge maka magana.

Duk mun ji wannan, kuma gaskiya ne. Amma mu da muke zaune a ƙasar wasu, akwai abin da bai kamata mu manta ba. A watan Fabrairun 2021, daga 'yar hatsaniya a kasuwar Sasa aka wayi gari an rasa rayuka, an ƙona rumfuna da gidaje, gwamnati ta rufe kasuwa ta sa dokar hana fita, har gwamnoni huɗu suka taso daga Arewa suka zo Ibadan. A waɗannan kwanaki mun ga abin da ya riƙa yawo a wayoyinmu. Akwai na gaskiya, akwai kuma hotunan da mu da muke cikin garin mun san ba a nan aka ɗauke su ba, amma 'yan'uwa a gida suna bugowa suna kuka sun ɗauka mu ne. Manya daga cikinmu suna tuna Shagamu a watan Yulin 1999, da abin da ya biyo baya a Kano bayan labari ya isa can. A lokacin labari a mota yake tafiya. Yau kafin ka ɗaura alwala ya isa Sakkwato. Masu manhajar da kansu sun taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a 2019, a 2020 kuma suka mayar da wanda ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya tak a lokaci guda, saboda irin wannan fitina.

Saboda haka mafi rinjayenmu ba mu goyi bayan a ƙwace wannan iko daga hannun admin ba. Abin da muka ce shi ne a sa masa ƙa'ida. Kada a kulle zaure don musun siyasa ko na ƙwallo, wanda ya yi a kira shi a waya a ja masa kunne. A kulle shi kawai idan hankali ya tashi a gari, da izinin Sarki ko Shugaba, kuma a bar lambar mutum biyu da za a iya bugawa dare da rana. A sa dattawa biyu cikin admin, ko da yaro ne zai riƙa danna musu, domin idan za a goge maganar babba, ya zamana babba ne ya ce a goge. Biyu daga cikinmu har yanzu suna ganin ko a lokacin tashin hankali bai kamata a rufe bakin jama'a ba, tunda a lokacin ne mutum ya fi bukatar ya ce ga inda nake a zo a fitar da ni. Mun yi alkawarin za mu kawo ra'ayinsu gaban wannan zama, ga shi mun kawo.

Akwai waɗanda jama'a suka yaba. Tantance sabon shiga kafin a buɗe masa ƙofa, kowa ya ce a ci gaba, musamman mata, waɗanda suka ce baƙin lambobi sun dame su da kira. A nan muna ƙara jan kunne: duk wanda ya bugo ya ce daga ƙungiya yake, za a yi taro ta waya, ka karanto masa lamba shida da aka turo maka, ɗan damfara ne. Da ka ba shi ya ƙwace WhatsApp ɗinka ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Yara za su zauna bayan wannan zama su sa wa kowa lambar sirri ta biyu. Saurin murya ma an yaba, wato ka sa saƙo ya yi gudu ninki biyu, ko da yake wani malaminmu ya ce ba ya son a ji wa'azinsa kamar ana koran sa. 'Yan hotunan nan da ake liƙawa a jikin saƙo kuwa, muna roƙo a bar su a sanarwar rasuwa. An sami wanda yatsansa ya zame ya liƙa fuska mai dariya a ƙarƙashin ta'aziyya, sai da ya taka har gida ya ba da haƙuri. Abin da ke mayar da murya rubutu, wanda aka fito da shi a ƙarshen 2024, ya zo ne babu Hausa a ciki, don haka ba mu tsaya a kansa ba.

Roƙonmu na ƙarshe ga 'ya'yanmu admin shi ne, duk wani sabon abu da waya ta zo da shi nan gaba, kada a kunna sai an yi bayaninsa da murya, da Hausa, an kuma maimaita a zaman wata, an gwada shi mako biyu, sannan a sake tambayar masu rumfa yadda suka gan shi. Takardar shawarwarin nan tana hannun Sakatare. Wanda ba mu same shi a rumfarsa ba, musamman 'yan kara da direbobi da suke kan hanya lokacin da muka zagaya, ya same mu a ofishin ƙungiya ranar Asabar bayan la'asar, za mu ƙara nasa a ciki kafin a miƙa wa Sarki.