Uwa, Da Wa Ɗanki Yake Hira Cikin Dare?

Iyaye mata na Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa. Yau ba maganar awon jariri za mu yi ba. Maganar yayyensa ce, samari da 'yan mata, har da amaren da aka kai gari mai nisa.

Tun 2022 aka fito da ChatGPT, a 2024 kuma Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Nijeriya. Mutum ya rubuta damuwarsa, nan take wayar ta amsa masa da tattausan lafazi. To, ki sani babu kowa a ciki. Na'ura ce da aka ɗura wa rubuce-rubucen mutane, tana harhaɗa kalmomi. Ba ta gajiya, ba ta faɗa, sau da yawa abin da yaro yake so ya ji shi take gaya masa. Shi ya sa take shiga rai. Amma ba ta ganin ya rame, ba ta san bai ci tuwon dare ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2025, mutum 1 cikin 6 yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa ga matasa.

KI LURA:
Ya daina zama majalisa da abokansa?
Ta daina zuwa biki da suna, kullum tana ƙule a ɗaki?
Ana kwana ana danna waya, da rana sai barci?

In kin ga haka, kada ki ƙwace wayar, kada ki yi masa tsawa gaban ƙannensa. Tambayar karatu a waya ba laifi ba ce. Ki jawo shi a jiki, ku ci abinci tare, ki aike shi gidan dangi. Na san kunyar ɗan fari, ni ma uwa ce. In bakinki ya yi nauyi, ki haɗa shi da kakarsa, ko gwaggo, ko kawu. Jika yakan faɗa wa kaka cikin wasa abin da ba zai faɗa miki ba. Amarya kuwa, a riƙa leƙa ta.

Idan ya daina cin abinci, ko ya ce ya gaji da rayuwa, kada ki bar shi shi kaɗai, kada ki jira gobe. Ki kawo shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Kazaure, ki nemi ganin nas. Za mu riƙe muku sirri.