Rigar Mama Ta Gudu Ga Mai Shayarwa: Yadda Za Ki Zaɓa Da Abin Da Za Ki Kiyaye

Yau zancen namu na masu shayarwa ne, musamman waɗanda suka saba fita gudu ko sassarfa kafin haihuwa, yanzu kuma suna son komawa. Maza kar ku tashi, ku zauna a yi da ku, don sau da yawa daga aljihunku kuɗin zai fito, gara ku san me ake saya.

Maganar rigar mama ce ta motsa jiki. Na san wata za ta ce, haba, a kan bireziya za a yi shiri guda? E, a kanta. Domin idan zaɓen bai yi daidai ba, ɗayan biyu ne: ko ciwo ya sa ki ajiye gudun gaba ɗaya, ko matsi ya jawo miki kumburin nono da zazzaɓi, har shayarwar ta shiga matsala.

Bari mu fara da shi nonon kansa. Babu tsokar da ke riƙe shi a cikinsa. Kitse ne, da hanyoyin ruwan nono, da wuraren da ake samar da ruwan. Abin da ke riƙe da shi fata ce kawai, sai wasu siraran zare da ake kira da sunan likitan Ingila Astley Cooper, wanda ya yi bayaninsu a 1840. Shi ya sa duk atisayen ƙirjin da za ki yi, ba zai hana nono motsi ba idan kina gudu. A Jami'ar Portsmouth da ke Ingila akwai sashe guda da aikinsa ke nan, ƙarƙashin Farfesa Joanna Wakefield-Scurr. Suna ɗora mata a kan na'urar gudu su auna da kyamarori. Sun gano cewa nonon da ba shi da madogara zai iya motsin da ya kai santimita 15, kuma ba sama da ƙasa kaɗai ba, har gefe da gefe, da gaba da baya. To ki lissafa, wannan ga mace ce haka kawai. Ina ga mai shayarwa, wadda nononta ya ƙara girma, ya ƙara nauyi, ga shi da saurin jin zafi?

Ita kanta rigar ba tsohuwa ba ce. A 1977 aka ƙirƙiro ta a jihar Vermont ta Amurka. Mata uku ne, Lisa Lindahl da Polly Smith da Hinda Miller. Lisa mai gudu ce, ta gaji da wahala, sai suka ɗauko irin kamfan da maza 'yan wasa ke sawa guda biyu, suka yanka suka ɗinke su wuri ɗaya. Daga nan aka samu Jogbra. Kin ga ke nan matsalar ba taki ba ce ke kaɗai, kuma ba abin kunya ba ne a yi zancenta.

Kafin mu shiga kasuwa, tambaya ta farko: yaushe ma za ki koma gudun? A nan gida da an yi arba'in sai a ce mai jego ta warke. Arba'in ɗin ta ishi tafiyar ƙafa da 'yan motsa jiki marasa tsalle, idan likita ya amince. Amma gudu daban ne. A 2019 wasu ƙwararrun masu gashin ƙashi da tsoka uku a Birtaniya, Tom Goom da Gráinne Donnelly da Emma Brockwell, sun fitar da ƙa'idar komawa gudu bayan haihuwa, suka ce kada a fara kafin wata 3. Dalili shi ne tsokar ƙasan mara tana buƙatar lokaci ta dawo. Idan kina ganin ɗigar fitsari in kin yi tari ko tsalle, ko kina jin nauyi kamar wani abu zai sauko ta ƙasa, ko tiyata aka yi miki kuma wurin yana ciwo, to asibiti za ki fara zuwa, rigar ta jira. Wannan wata ukun yana da wani amfanin kuma: lokacin ne yawanci girman nono ke ɗan daidaita. Wadda ta sayi riga mai tsada a satin suna, da wuya ta yi mata bayan wata biyu.

Yauwa, to ire-irensu. Kala uku ne. Akwai mai dannewa, wadda ake zurawa ta ka kamar singileti, tana manne nonon biyu da ƙirji. Ita ce ta cika kasuwa kuma ita ce mafi araha. Akwai mai rabawa, wadda kowane nono yana da mazauninsa, tana da ƙugiya a baya kamar bireziyar da muka saba, sai dai ta fi ta faɗi da ƙarfi. Sai ta uku mai haɗa biyun, tana raba su sannan ta ɗan riƙe daga waje.

Ga mai shayarwa da ke gudu, ta biyu ko ta uku ita ce magana. Me ya sa? Ita mai dannewa ba ta da wata dabara sai matsi. In kina so ta hana motsi dole ki sa wadda ta matse sosai, kuma matsi a kan nono mai ruwa shi ne abin da muke gudu. Ga kuma wahalar cirewa. Kin dawo jiƙe da gumi, yaro na tsala kuka, ke kuma kina kokawa da riga a wuya. Wadda ta taɓa shiga wannan halin ta san abin da nake faɗa.

Akwai kuma dabarar da mata da yawa ke yi, su saka bireziya biyu, ɗaya kan ɗaya. Ga mai shayarwa ban ba da wannan shawarar ba. Roba biyu, igiya huɗu, duk suna danna wurare daban-daban. Riga ɗaya mai kyau ta fi.

Yanzu awo. Ki ari tef ɗin tela. Ki auna zagayen ƙirjinki daidai ƙarƙashin nono, da inci, tef ɗin ya kwanta amma kar ya shaƙe ki. Sannan ki auna ta wurin da nonon ya fi tudu. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ke ba ki harafin: inci ɗaya A, biyu B, uku C, huɗu D, biyar DD a lissafin Ingila. Amma fa wannan mafari ne kawai, don kowane kamfani da nasa yankan. Lamba 36D ta wani ba ita ce ta wani ba. Kuma ki lura, nononki da safe kafin yaro ya sha daban, bayan ya sha daban. Ki yi awon bayan shayarwa da kamar awa ɗaya, lokacin bai cika tam ba kuma bai zama fanko ba, don a haka za ki riƙa gudun.

Idan kin sa ta, ga abin da za ki duba. Na farko robar ƙasa, wadda ta zagaye ƙirji. Ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin, ba igiyar kafaɗa ba. Ta zauna a miƙe, bayan kar ya haura sama. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinta, amma ba hannu guda ba. Ki ja dogon numfashi, in kin ji ya tsaya miki a rabi to ta yi kaɗan. Sabuwa ce, ki sa ta a ƙugiyar da ta fi saki, ta yadda in robar ta fara gajiya kina da wurin matsewa.

Na biyu mazaunin nonon. Duk nonon ya shige ciki, har na gefen hammata. Mutane na mantawa cewa nono ya kai har can, kuma can ma ruwa na taruwa. In nama ya ɓullo ta sama ko ta gefe, ta yi kaɗan. In yadin ya yi tattara, ta yi yawa.

Na uku igiya. Mai faɗi, mai ɗan laushi, kuma wadda ake iya ƙarawa da ragewa. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci gare ki, saboda girmanki na canjawa cikin yini ɗaya. Mai gicciye a baya tana riƙo da kyau, amma wasu tana ja musu wuya, sai ki gwada ki ji.

Na huɗu, ki yi tsalle. E, a ɗakin gwajin. Tsalle goma, ki ɗaga hannu sama, ki sunkuya. In robar ta hau kan nono da kika ɗaga hannu, ajiye musu kayansu. Sannan in kin cire ki duba madubi. Ɗan shati ba komai, amma jan layi mai zurfi a kan nonon kansa alama ce mara kyau.

Sai maganar ƙarfe. Mai ƙarfe tana riƙo, babu musu, musamman ga masu manyan nono. Matsalar ita ce ƙarfe ba ya bin girmanki. Da safe yana zaune a kan haƙarƙari, nono na cika sai ya koma yana danna shi. Shi ya sa a watannin farko mara ƙarfe ta fi kwanciyar hankali. In dole sai mai ƙarfe, ki tabbata a kan ƙashi ya zauna ta kowane ɓangare.

To masu ɓalli a gaba fa, waɗanda ake sauke kofin a shayar? Suna da daɗin sha'ani, amma ki yi hattara: da yawansu an yi su ne don tafiya ko miƙe jiki, ba don gudu ba. Ki duba a rubuce cewa ta motsa jiki mai ƙarfi ce. In ba ki samu mai haɗa biyun ba, ki zaɓi riƙo. Gudun minti 30 ko 40 ne, kin shayar kafin ki fita, kin dawo kin cire. Mai zif a gaba ita ma tana da sauƙin cirewa, ki dai duba akwai yadi a bayan zif ɗin, kuma yana da abin kullewa.

Yadi kuma, a nan mutane ke mamaki. Auduga tana da daɗi a zaman gida, amma a gudu tana shan gumi ta riƙe, ta yi nauyi, ta goge fata. Yadin roba na 'yan wasa, mai saurin bushewa, shi ya fi. Mu da ke gudu da hijabi ko doguwar riga a sama, ga zafin Maris zuwa Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki duba cikin kofin kar ɗinki ya bi ta kan nono. In kina sa ƙyallen tare yoyo, ki gwada rigar da shi a ciki, kuma ki canja shi da zarar kin dawo, don damshi da ɗumi su ke kawo ƙaiƙayi da tsagewar kan nono.

Wajen saye, in ta intanet ne ko wurin masu talla a WhatsApp da Instagram, ki nemi jadawalin awon kamfanin, kuma ku yi magana tun farko ko ana canjawa. In gwanjo ce, ba laifi ba ne, kowa ya san halin da ake ciki. Sai dai ki ja robar ki saki. In ba ta koma da sauri ba, ko kin ji tana ƙara kamar busasshen ganye, ta mutu, komai kyan ta a ido. In da hali ki mallaki biyu. Wanki da hannu, ruwa mara zafi, ban da guga, shanya a inuwa, don rana da zafi ke kashe roba.

Yanzu ranar gudun. Ki shayar ko ki tatsa dab da fita. Nono ya yi sauƙi, yaro ya ƙoshi, hankalinki ya kwanta. Ki sa rigar lokacin fita, ki cire da kin dawo. Kar ki wuni da ita kina aikin gida, kar ki kwana da ita. Ki goge nonon ko ki watsa ruwa kafin ki ba yaro, don wasu yaran ba sa son gishirin gumi. Ki sha ruwa duk lokacin da kika ji ƙishi, kuma kar ki haɗa gudu da horon yunwa.

Abin da za ki sa wa ido: ƙullutu mai ciwo, wuri ya yi ja ko ya yi zafi, jiki ya mutu kamar mura za ta kama ki. In kin ga haka ki dakata da gudun. Ki ci gaba da shayarwa yadda kika saba, kar ki daina. Ki sa sanyi a wurin, ƙanƙara a cikin tsumma. Kar ki murza da ƙarfi, kar a zo a danna miki da tafasasshen ruwa, kar kuma ki yi ta tatsa wai sai ya ƙare, don hakan na ƙara kumburin. In zazzaɓi ya shigo, ko kwana ɗaya ya wuce babu sauƙi, asibiti kai tsaye. Wannan ba na jira ba ne, yana iya zama ƙurji mai ruwa.

Saura maganganu biyu da ake yawan faɗa mana. Wai gudu na ƙafar da nono ko ya tsinka shi. A 1994 Kathryn Dewey da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun sa masu shayarwa motsa jiki na minti 45, kwana biyar a mako, har mako 12. Yawan nonon bai ragu ba, ingancinsa bai canja ba, yaran sun yi girma kamar sauran. Kuma a Janairun 2019 wata likitar dabbobi 'yar Birtaniya, Jasmin Paris, ta lashe tseren Spine mai nisan mil 268 cikin awa 83, ta wuce maza da mata, tana tsayawa a hanya tana tatsar nono saboda 'yarta. Ba cewa na yi ki yi irin nata ba, zagayen unguwa bayan asuba ma ya isa.

Na biyu, wai shayarwa ke zubar da nono. Binciken da likita Brian Rinker na Jami'ar Kentucky ya fitar a 2008 ya nuna yawan ciki, da shekaru, da ƙiba, da shan taba su ne ke da hannu, bai samu shayarwa a cikinsu ba. Don haka kar wannan tsoron ya sa ki yaye yaro da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa nono zalla wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. In kin yaye, ki sake awo, don girman zai sake canjawa.

Maigida, kai kuma naka aikin biyu ne: kuɗin rigar, da riƙon yaro na rabin awa. A nan za mu tsaya yau. Wadda ta san mai jegon da ke shirin komawa gudu, ta tura mata. Allah ya raya mana zuri'a, ya ƙara wa iyaye mata lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.