Wa Zai Tsawata wa Masu Tallan Dole?



Maganata yau a kan saƙon talla ce, irin wanda yakan faɗo wa mutum a waya ko a imel ba sallama. Tambayar ita ce: masu wannan sana'a za su iya tsawata wa junansu, ko kuwa sai hukuma ta ɗaga bulala?

Mu nan ba baƙin wannan tambaya ba ne. Tarihin Kano ya ce maƙeran farko da suka zauna a Dala daga Gaya suka fito, kuma kowa ya san kowace sana'a tana da sarkinta. Mahaucin da ya yi algus, Sarkin Pawa ya ishe shi, domin akwai rumfar da za a hana shi, akwai kuma idon jama'a da yake jin kunya.

To, mai tallan imel ba shi da rumfa. Tun 1978 wani ɗan Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutum wajen 400 talla guda a lokaci ɗaya, abin ya yi ta yaɗuwa. Amurka ta yi doka a 2003, amma ba ta hana aikawa ba, sai dai ta ce a bar wa mutum hanyar cewa ya gaji. Abin da ya fi cizo daga cikin sana'ar ya fito. A Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka gindaya sharuɗɗa: a Gmail, mai aika saƙo 5,000 a rana dole ya tabbatar da ko shi wane ne, ya sauƙaƙa fita daga jerinsa, kada kuma masu ƙorafi su kai uku cikin dubu. Wanda ya ƙi, a rufe masa ƙofa. Watau an sami Sarkin Pawa, ko da yake ba wanda ya naɗa shi.

A ƙasarmu kuwa wayar hannu ce fagen, kuma a nan lissafin ya sha bamban, domin kamfanin layin yana da rabo a kowane saƙo. Yaya za a ba kura ajiyar nama? Sai da hukumar sadarwa ta NCC ta sa baki a 2016, ta fito da lamba 2442: ka aika kalmar STOP, a tsayar da tallan. Madalla. Amma manomin da ke ƙauyen Ajingi, wanda ba ya karanta Ingilishi, wa ya gaya masa? Shi dai ya ga kuɗin katinsa yana ƙarewa.

Ku da za ku shiga ofisoshi, jerin sunayen manoma da lambobinsu a hannunku zai kwana, na taki ne ko na rance. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum ikon ƙin a yi talla da bayanansa, ta kuma ɗora alhakin tsaron jerin a wuyan wanda ya tara shi. Ranar da mai talla ya zo neman wannan jeri, teburinku zai tsaya.